Yaran Karaga da labarin damina

1. Ina ne Karaga?

Yara, ku buɗe taswirar Afirka ta Yamma. Ku ɗora yatsa a kan Yamai. Ku gangara kudu maso yamma, ku ratsa Burkina Faso. Ƙasar da za ku shiga ita ce Gana. A kusurwarta ta arewa maso gabas akwai garin Bawku, wanda ya yi suna wajen noman albasa. Idan kuka ƙara gangarawa kudu za ku iske Karaga, sannan Yendi, sannan Salaga. Babban birnin wannan yanki shi ne Tamale.

Karaga ƙasar Dagomba ce. Yawancin mutanenta harshen Dagbani suke yi. Babban sarkin Dagomba yana zaune a Yendi, ana kiransa Ya-Na. A shekarar 2004 aka mai da Karaga hedikwatar gunduma mai zaman kanta.

To, me ya kai Hausa can? Goro ne. Tun kafin zuwan Turawa, fatake suna tashi daga Kano da Katsina da jakuna. Suna ɗauke da kanwa da tufafi da jemammun fatu. Sukan yi watanni a hanya kafin su isa Salaga, a ƙasar Gwanja. Can suke sayen goron da aka kawo daga dazuzzukan Asante. A wannan kasuwa har bayi an sayar, abin da tarihi ba ya mantawa. Waɗansu fatake ba su koma gida ba. Suka yi aure, suka kafa unguwanni. Har yau sunan irin wannan unguwa zango. Shi ya sa za ka ji Hausa a kasuwannin Salaga da Yendi da Bawku.

Mutanen Karaga manoma ne. Suna noma masara da shinkafa da dawa da gyaɗa da waken soya da doya. Mata suna tsintar ƴaƴan kaɗanya su yi man kaɗe, suna kuma yin daddawa da kalwa. Damina ɗaya gare su a shekara, kamar mutanen Nijar. Takan fara wajen watan Mayu, ta ƙare wajen Oktoba. Ruwan da ke sauka a Tamale yakan kai milimita 1000 ko fiye a shekara, wato kusan ninki biyu na ruwan Maraɗi. Duk da haka manoman can ma suna kukan damina. Kukansu ya fi yawa a kan lokacin zuwan ruwan da yadda yake zuwa.

2. Akwati mai magana

A arewacin Gana mutane sun saba koyo da kunne. Gidan rediyon Savannah na Tamale yana magana da harsunan yankin. Tun shekarar 2009 wata ƙungiya mai suna Literacy Bridge ta fara raba wa manoman yankin Jirapa wani ɗan akwati mai batir. Idan aka danna shi, sai ya yi bayanin noma da kiwon lafiya da harshen mutanen wurin. A shekarar 2020 kuma, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, ta rediyo aka riƙa koya wa yaran Gana karatu.

Malami ma yana iya yin haka a ajinsa, ko babu gidan rediyo. Wayar hannu ta isa, da ƙaramar lasifika. Ga yadda irin wannan darasi yake tafiya a wani aji na shida a Karaga.

Malamin ya shirya tun jiya. Ya rubuta labari. Ya roƙi wani dattijo da wata yarinya su karanta, shi kuma ya ɗauki muryoyinsu a waya. Sau biyu aka ɗauka: ɗaya da Dagbani, ɗaya da Hausa saboda yaran zango. Ya sa ƙarar ruwan sama ta hanyar zuba tsakuwa a kan kwano. Ya sa kukan zakara da na awaki.

Da safe ya ɗora lasifikar a kan tebur. Bai kunna nan da nan ba. Ya ce: «Yara, ku rufe littattafanku. Yau kunne ne zai yi aiki. Zan tsayar da labarin sau biyu. Kowa ya riƙe abu ɗaya da ya ji, abu ɗaya kuma da bai gane ba.»

Aji ya yi tsit. Ya danna.

3. Labarin kaka da jikarsa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Akwai wani tsoho manomi. Yana da jika mace wadda ba ta rabuwa da shi. Kullum suna cikin wasan kaka da jika. Shi yana kiranta amarya, ita tana ce masa tsohon da ba ya iya cin ƙashi.

Wata safiya tsohon ya ɗaga kai, ya ga shamuwa a kan kuka. Ya ce: «Amarya, ga baƙuwar damina ta iso. Ɗauko mini ƙwaryar iri.»

Bayan kwana biyu hadari ya haɗu a gabas. Aka yi ruwa da dare. Gari na wayewa tsohon ya saɓa sungumi. Jikar tana biye, tana zuba masara a rami tana rufewa da ƙafa. Da ta ga ƙwaryar ta kusa ƙarewa, sai ta ce: «Kaka, ba za mu rage ko kaɗan ba?»

Ya yi dariya. Ya ce: «Tun kafin a haifi ubanki nake shuka a ruwan nan. Zuba duka.»

Ta zuba duka.

A nan malamin ya tsayar da labarin. Ya ce: «Wa yake ganin tsohon ya yi daidai?» Rabin aji ya ɗaga hannu. «Me kuke zato zai faru?» Yara suka yi ta faɗin ra'ayinsu. Bai ce wa kowa ya yi kuskure ba. Ya sake dannawa.

Masara ta tsiro, gona ta yi kore shar. Amma sai sama ta ɗauke. Mako ɗaya, babu ruwa. Mako biyu, babu ruwa. Rana tana dukan ƙasa. Ganyen masara ya nannaɗe kamar tabarma. A mako na uku shuka ta ƙone ƙurmus.

Tsohon ya daina wasa. Ya tafi wurin maƙwabci ya ci bashin iri, a kan zai biya ninki biyu da kaka. Wannan karon bai shuka a tudu ba. Ya ce fadama ta fi riƙe laima, sai ya shuka a bakin rafi. Masarar ta yi kyau, har ta fara goyo.

Ran nan cikin watan Satumba aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafi ya cika, ya tumbatsa, ya hau gona. Da safe sai kawunan masara kawai ake hange a kan ruwa.

Malamin ya sake tsayarwa. Wannan karon bai yi tambaya ba. Ya bar yara su yi shiru kaɗan, domin da yawa daga cikinsu sun ga irin wannan da idanunsu. Sannan ya danna kashi na ƙarshe.

Da yamma jikar ta zauna kusa da kakanta. Ta ce: «Kaka, shamuwa ce ta yi maka ƙarya?»

Ya ce: «Shamuwa ba ta ƙarya, amarya. Daminar ce ba ta nan inda na san ta.»

Ta ce: «To, wa ya taɓa ta?»

Ya ce: «Na tambaya a majalisa. Wani ya ce masu sare itace suna gawayi ne. Wani ya ce ƙaddara ce, a yi shiru. Wani kuma ya ce ya ji a rediyo hayaƙin ƙasashe masu nisa ne. Ni ban san wanda zan kama ba. Ke da kike zuwa makaranta, ki tambayo mini. Ki kuma tambayo abin da zan yi baɗi.»

Ƙurunƙus.

4. Yara sun zauna rukuni-rukuni

Labarin bai ba da amsa ba. Da gangan malamin ya yi haka. Labarin da ya faɗi komai ba ya bar wa yaro abin tunani.

Ya raba aji rukuni-rukuni, yara shida-shida, maza da mata a gauraye. Kowane rukuni ya zaɓi shugaba da mai rubutu da mai kai rahoto. Ya ba kowane shugaba guntun kara. Wanda ke riƙe da karan shi kaɗai ne zai yi magana. Ba a mayar wa yaro kara sau biyu sai kowa ya riƙe shi sau ɗaya. Dalilin wannan doka a fili yake: a kowane aji akwai masu baki uku ko huɗu, in an ƙyale su, su kaɗai za su cinye darasin.

Ya rubuta tambayoyi biyu a allo. Wa ya taɓa damina? Me tsohon zai yi baɗi?

Surutu ya tashi. Malamin yana zagayawa yana saurare, ba ya sa baki. A rukuni na uku ne abu ya yi zafi. Wani yaro ya karɓi kara ya ce: «Matan da ke sare kaɗanya suna gawayi, su ne suka kori ruwa. A kama su!» Yana faɗi yana kallon wata yarinya. Kowa ya san mahaifiyarta gawayi take sayarwa a bakin hanya.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Da karan ya iso hannunta, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce: «Da kuɗin gawayin aka saya mini littafin nan. Kuma gidanku da gawayinmu ake dafa tuwo.»

Rukuni ya yi tsit. Yaron ya rasa ta cewa.

Malamin ya ji. Bai tsawata wa kowa ba. Ya buga tebur, ya ce lokaci ya yi. Masu rahoto suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta amsoshinsu a allo, ba tare da sunan wanda ya faɗa ba. Wani rukuni ya ce gobarar daji ce. Wani ya ce dam ɗin Burkina ne. Wani ya ce ai Allah ne mai saukar da ruwa, babu ruwan mutum.

Malamin ya ce: «Gaskiya ne, ruwa na Allah ne. Amma kun taɓa ganin manomin da ya yi addu'a ya kwanta, bai je gona ba? An ba mu hankali don mu duba mu gane. Bari mu ɗauki amsoshin nan ɗaya-ɗaya.»

5. Abin da malamin ya bayyana

Da farko ya raba abu biyu da yara suke haɗawa. Akwai halin da sama take ciki yau: zafi, ko hadari, ko hazo. Da Faransanci wannan shi ne le temps. Akwai kuma yadda ƙasa ta saba da zafi da ruwa cikin shekaru masu yawa. Wannan shi ne le climat. Masana sukan duba shekara 30 kafin su ce ga yanayin wuri. Saboda haka fari na shekara ɗaya bai isa a ce yanayi ya canja ba. Fari tsohon abu ne. An yi shi a Sahel a 1973 da 1984. A Gana an yi babban fari a 1983, gobara ta cinye gonaki da dazuzzuka, aka yi yunwa.

Abin da yake sabo shi ne zafi. Duniya duka tana ƙara ɗumi. Ga yadda abin yake. Rana tana ɗumama ƙasa. Ƙasa kuma tana mai da zafin sama. A cikin iskar da ta kewaye duniya akwai wata iska da ake kira iskar kabon. Ba a ganinta, ba ta da wari. Aikinta kamar na mayafi ne: tana riƙe wani kashi na zafin. Wannan mayafi yana da amfani, in babu shi sanyi zai kashe mu. Amma idan ya yi kauri, zafi ya yi yawa. Ku tuna da wanda ya lulluɓa da bargo biyu a watan Afirilu.

Me ke ƙara masa kauri? Ƙona man fetur da gas da gawayin ƙasa, wanda ake haƙowa daga rami. Motoci da jirage da masana'antu da injinan lantarki suna ƙona su dare da rana. Sare manyan dazuzzuka ma yana ƙarawa, domin itace yana shan iskar kabon yana ajiye ta a jikinsa.

Malamin ya ɗauki alli ya ce: «A ce mun auna iska mudu miliyan ɗaya. Kafin zamanin masana'antu, mudu 280 ne na kabon a ciki. Yanzu ya haura mudu 420.» Ya sa yara su yi lissafin ƙarin. Suka samu 140, wato rabin abin da ke nan tun farko. Ya gaya musu cewa a 2024 zafin duniya ya kai wajen digiri ɗaya da rabi sama da na wancan zamani. Ba a taɓa auna shekara mai zafinta ba kafin nan.

Wani yaro ya ce: «Malam, digiri ɗaya da rabi ai ba yawa.»

Malamin ya ce: «Zafin jikinka digiri 37 ne. In ya kai 38 da rabi, kana zuwa makaranta?»

Yaron ya ce: «A'a, Malam, ina kwance.»

Zafi yana taɓa damina ta hanya biyu. Yana busar da ƙasa da sauri, don haka kwana goma babu ruwa sun fi cutar shuka yanzu fiye da da. Iska mai ɗumi kuma tana ɗaukar tururin ruwa da yawa. Duk ƙarin digiri ɗaya, takan iya ɗaukar ƙarin kusan kashi 7 cikin 100. In ta tashi zubarwa, sai ta zubar lokaci guda. Shi ya sa gona ɗaya take iya ƙonewa a Yuli, ta nutse a Satumba.

Yaran sun san wannan ba tatsuniya ba ce. A 2024 ruwa ya ɗauke makonni a arewacin Gana cikin Yuli da Agusta. Masara ta bushe a gonaki da yawa, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya waje. A wannan daminar ce kuma ambaliya ta yi ɓarna a Nijar, har tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe a watan Satumba.

Maganar dam kuwa, akwai ta. A Burkina Faso an tare kogin Nakambe a wani wuri mai suna Bagre. Wannan kogi shi ne ke shiga Gana ta yammacin Bawku, ana kiransa Farar Volta. Idan dam ya cika maƙil, dole a buɗe ƙofofinsa, in ba haka ba ya fashe. Ruwan da aka sako yakan hau gonakin da ke bakin kogi. A 2007 ruwan sama mai yawa da ruwan dam suka haɗu, aka yi mummunar ambaliya a arewacin Gana. Dam ɗin bai canja damina ba. Damina mai nauyi ce take cika shi.

Sannan malamin ya zo kan gawayi. Ya yi magana a hankali, yana kallon aji duka.

Ya ce: «Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin man fetur da gas da gawayin ƙasa na duniya. Mafi yawansa daga Sin da Amurka da Turai da Indiya yake fitowa. Ko da duk masu gawayin Karaga sun daina yau, zafin duniya ba zai tsaya ba. Don haka mai sayar da gawayi ba ita ta kori damina ba.»

Yarinyar ta ɗaga kai.

Ya ci gaba: «Amma itace yana da aiki a gonarmu. Inuwarsa tana hana ƙasa bushewa. Saiwarsa tana riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe. Ganyensa taki ne. Kaɗanya kuwa takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara ƴaƴa, gatari kuma rana ɗaya yake kayar da ita. In ta tafi, man kaɗe ya tafi. Wannan asara ce ga mai sarewa da mai saye baki ɗaya. Wanda ke ƙyasta ashana a daji da rani don farautar gafiya ma ya shiga lissafi.»

A nan yaron da ya ce a kama mata ya sunkuyar da kai, domin shi gwanin farautar gafiya ne. Aji ya yi dariya, har da yarinyar.

6. Me tsohon zai yi baɗi?

A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Paris, suka yi alkawarin rage hayaƙi. Cika wannan alkawari aikin manyan ƙasashe ne, kuma har yanzu da sauran tafiya. Tsohon manomi ba zai iya jiransu ba, baɗi zai shuka. Rukunoni suka koma zama na ɗan lokaci, suka kawo shawarwari.

Shawarar farko ta jikar ce tun cikin labari: kada a zuba iri duka a ruwan farko. Malamin ya ƙara bayani. Masana aikin gona a Sahel sukan ce damina ta kama idan aka samu ruwa milimita 20 cikin kwana uku, kuma bai ɗauke fiye da mako ɗaya ba a watan da ya biyo. Kashi na farko kowa yana iya aunawa. Kashi na biyu kuwa ba wanda ya san shi tabbas tun da wuri. Don haka ake sauraron hasashen ma'aikatar yanayi a rediyo, ake kuma rage iri a ƙwarya. Akwai kuma irin masara da ke nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka. Wani rukuni ya ce a haɗa masara da dawa, tunda dawa ta fi jure fari. Wani ya ce kada a sa dukan gona a bakin rafi.

Shawara mafi daɗin ji kuwa daga Nijar ta fito. A farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. An dasa itatuwa da yawa, yawancinsu suka mutu. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura da wani abu a 1983. Ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Tohon kututturan itatuwa ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, ya kare su daga wuta da dabbobi, sai su zama itace cikin ƴan shekaru. Babu sayen dashe, babu ban ruwa. Manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi wannan dabara, ana kiranta sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Gawo ya koma gonaki. A 2009 dabarar ta isa gundumar Talensi a arewacin Gana, ba nisa sosai da Bawku.

Wani yaro ya ce ai a ranar 11 ga Yuni 2021 an yi dashen itace a duk faɗin Gana, yayyensa ma sun dasa. Malamin ya ce: «Nawa ne suka rayu a cikin nasu?» Yaron ya yi shiru, sannan ya ce awaki sun ci. Dasa itace aikin safiya ɗaya ne. Rainonsa kuwa sai an yi masa shinge, an ba shi ruwa har rani ya wuce.

Yarinyar nan ta ɗaga hannu. Ta ce: «Malam, rassan da ake datsewa fa, ana iya girki da su?»

Ya ce: «Sosai kuwa, ƴata. Matan Maraɗi da su suke hura wuta, itacen kuma yana tsaye.»

Ta ce za ta gaya wa innarta.

Kafin a tashi, malamin ya ba da aikin gida. Kowane rukuni zai je wurin tsoho ko tsohuwa a unguwa. Za su gaishe su da ladabi, su tambaye su yadda damina take a ƙuruciyarsu, da abin da suka ci a shekarar 1983. Rukunin da ya samu aron waya zai ɗauko muryar, in tsohon ya yarda. Wanda bai samu ba zai rubuto. Mako mai zuwa muryoyin tsofaffin ne za su fito daga lasifikar.

Kalmomi

yanayin ƙasa: le climat
fari: la sécheresse
ambaliya: l'inondation
dam: le barrage
gawayi: le charbon de bois
iskar kabon: le gaz carbonique
kaɗanya: le karité
ma'aunin ruwan sama: le pluviomètre

Tambayoyi

1. Me ya kai Hausawa Salaga?
2. Sau nawa tsohon ya yi asara? Me ya jawo kowace?
3. Mene ne bambanci tsakanin le temps da le climat?
4. Me ya sa malamin ya ce mai gawayi ba ita ta kori damina ba? Me ya sa kuma ya ce a kula da itace?
5. Mene ne amfanin guntun kara a cikin rukuni?
6. Da kai ne jikan tsohon, wace shawara za ka fara ba shi? Faɗi dalilinka.

Aiki

Ku nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa. Ku kafa shi a kan turke a tsakiyar filin makaranta, nesa da itace da rufin ɗaki. Duk safiyar da aka yi ruwa, ku tsoma ma'auni a tsaye, ku karanta zurfin ruwan da milimita. Ku rubuta kwanan wata da adadin a bayan littafin aji, sannan ku zubar da ruwan. Ranar da jimillar kwana uku ta kai milimita 20, ku ja layi a ƙarƙashinta. Ku ƙidaya kwanakin da suka biyo baya babu ruwa, ku kwatanta da ranar da mutanen garinku suka yi shuka.